Yajin Ishaya da Jan Ruwan Inabi

Tun da na dawo daga Amurka matan zumunta ba su bar ni na huta ba. A ƙofar coci a tare ni, a kasuwa a tare ni, har wajen gaisuwar mutuwa an sami wadda ta matso ta raɗa mini, wai Malama Rifkatu, yaya ƙasar take. Amsa guntu-guntu ba ɗabi'ata ba ce, domin shekara talatin da huɗu na yi ina koyar da girki da tsabtar gida a makarantar 'yan mata, ban kuwa taɓa yarda ɗaliba ta kawo mini rabin aiki ba. Saboda haka na ga ya fi kyau in rubuta shi sau ɗaya, daki-daki, wadda take so ta karanta.

Dalilin tafiyar shi ne autana Ishaya, wanda ya shekara tara a birnin New York yana aikin girki a wani gidan abinci. Matarsa Hannatu nas ce a wani asibiti a can. Su ne suka aiko mini da takardar gayyata da tikiti.

Na bar Wusasa da safe a motar haya. Mun yi da direba ƙarfe shida, ya zo shida da ashirin, na kuwa gaya masa abin da ya kamata ya ji kafin mu kai Kaduna. Daga Abuja muka tashi, aka sauke mu a wani birni na Turai, muka yi zaman awa biyar a kujerun ƙarfe, sa'an nan muka shiga jirgi na biyu. Kusa da ni aka zaunar da wani ɗan kasuwa Bakano, mutumin kirki, sai dai ya cire takalmansa tun kafin a tashi. Abincin jirgi ba zan ɓata tawada a kansa ba. Shinkafar ta dahu ta wuce, burodin kuwa sanyi ƙalau kamar an tono shi daga randa.

A wajen shiga ƙasar ana tambayar kowa ko ya zo da abinci. Ɗan kasuwar nan ya ba ni shawara in ce babu. Na gaya masa a makarantar mishan da na yi, ƙarya ƙarama bulala shida ce, babba kuma kora. Na lissafa wa jami'in kwastan komai: kilishi, daddawa, garin kuka, ƙuli-ƙuli, da dakakken barkono ɗan tsiduhu na wajenmu. Aka kawo wani ɗan kare mai faɗin kunne sanye da riga, ya shinshina jakata, da ya kai kan daddawa ya zauna ya ƙi tashi. Jami'in ya sa safar hannu ya buɗe ƙullin, ya kau da kai, ya tambaye ni ko abin ya lalace ne. Na ce masa haka yake idan an yi shi daidai. Daga ƙarshe suka karɓe kilishin gaba ɗaya, wai nama ba ya shiga, suka bar mini sauran. Jami'in ya jefa kilishin a kwandon shara a gabana. Wannan kilishin kwana uku na yi ina bin mai yin sa.

Ishaya ya tarye ni da wani direban tasi abokinsa, Baba Seidu, mutumin zangon Kumasi. Yana ganina ya ce, "Maame, ka zo lafiya?" Na waiwaya in ga namijin da yake gaisarwa. Ishaya ya taɓa ni ya ce haka Hausarsu take, kowa namiji ne. Ban gyara masa ba, tun da shi ke riƙe da sitiyari.

Gidansu yana wata unguwa da ake kira Soundview, a hawa na huɗu, ɗaki biyu da falo. Kicin ɗin bai fi faɗin tabarma biyu ba. Ana wanki a ƙarƙashin bene, a injin da kowa da kowa ke amfani da shi, ba a kuma shanya a rana. Maƙwabta ba sa gaisuwa. Mako guda na yi ina gaishe da duk wanda na tarar a lif, ana kallona kamar zan roƙi wani abu, sai wata mata 'yar Mali ce kaɗai ta amsa har ta tambayi mutanen gida. Hannatu yarinya ce mai ladabi, amma Hausarta ta zama faten wake. Da safe za ta durƙusa ta ce, "Mama, ku yi haƙuri, yau ina da shif, akwai leftoba a firji." Na fahimci tana nufin ɗumame.

A rana ta biyar Ishaya ya zaunar da ni ya gaya mini halin da yake ciki. Babban kukun gidan abincin da yake aiki a Harlem zai bar aiki. Mai gidan, wata baƙar Ba'amurkiya da suke kira Madam Lorraine, ta ce mutum biyu take dubawa: shi, da wani da zai zo daga waje. Ranar Alhamis kowannensu zai dafa abinci guda wanda zai dace da wani jan ruwan inabi da ta saro da yawa domin lokacin sanyi. Wanda nasa ya fi dacewa shi ne babban kuku. Idan na wajen ya ci, zai zo da mutanensa, Ishaya kuwa sai ya nemi wani wuri ya fara daga yankan albasa, bayan shekara tara. Ya ce ya yanke shawara zai gasa haƙarƙarin rago da yaji irin na gida.

Ni dai ruwan inabi ban san shi ba sai a Jibin Ubangiji, kurɓi ɗaya mai zaƙi wanda aka sirka da ruwa. Na gaya masa ban ga abin wahala a nan ba, a ci nama a kora da abin da aka samu. Sai ya ɗauko kwalbar ya ce in ba shi minti goma.

Ya zuba kaɗan a kofin gilashi mai tumbi, bai kai ko sulusi ba. A wajenmu wanda ya ba baƙo haka sai a ce marowaci ne. Ya jujjuya kofin, ya tura hanci ciki, ya kurɓa, ya kurkure baki da shi, sa'an nan ya tofar a wani kwanon ƙarfe. Na tambaye shi wa ya koya masa tofi a kan tebur. Ya ce haka masu ɗanɗano ke yi a can, domin wanda ya haɗiye komai ba zai kai la'asar da hankalinsa ba. Na ƙi kurɓa, amma na yarda in shinshina. Launinsa ya fi zoɓo duhu. Ƙanshin farko da na ji na ɗinya ne wadda ta nuna sosai. Bayansa kanumfari, da wani hayaƙi-hayaƙi kamar na itacen da aka kashe wutarsa da safe, can ƙarƙashi kuma banila, irin wadda matan mishan ke sa wa kastad ranar Lahadi. Da na lissafa masa waɗannan ya dube ni, ya ce akwai waɗanda suka biya kuɗin makaranta ba su ji rabin haka ba.

Ya yi mini bayani cewa an ajiye ruwan fiye da shekara a gangar itacen oak wadda aka babbake cikinta da wuta kafin a zuba. Daga itacen ne hayaƙin da kanumfarin da banilar suka fito. Itacen kuma, tare da ɓawon inabin, su ne ke ba shi bauri, irin na ɗanyen goro. Ya ce yadda bagaruwa ke kama fata a majema, haka baurin nan ke kama harshe, amma idan ya sami kitse sai ya kama kitsen ya saki harshen. Shi ya sa yake son gasasshen rago, da naman sa mai kitse, da jelar sa da ta dahu ta yi laushi, da tsohon cuku mai tauri. Kifi kuwa ba sa shiri, sai bakin mutum ya yi kamar ya lashi kwabo. Kayan zaƙi suna mai da shi tsami. Mafi muni duka shi ne barkono mai zafi, domin ƙarfin giyar yana hura zafin, zafin kuma yana mai da baurin ɗaci, ɗinyar ta ɓace gaba ɗaya.

Na ji duk wannan da kunnena. Dole in faɗi gaskiya, ban ɗauka ba. A raina na ce yaron nan ya daɗe cikin mutanen da harshensu bai da ƙwari, yana neman hujja ne kawai.

Ranar Talata muka shiga jirgin ƙarƙashin ƙasa zuwa Harlem sayen nama. A cikin jirgin wani saurayi ya tashi ya ba ni kujera, abin da ban zata ba, na kuwa rubuta shi a nan domin adalci. Mahaucin da Ishaya ke hulɗa da shi mutumin Maraɗi ne, Alhaji Mamman. Yana ganin mayafina ya ce, "Hajiya, mi kike so?" Na ce masa Malama ce. Ya ce to, Malama Hajiya. Ya fito da haƙarƙari uku, na mayar masa da ɗaya domin kitsensa ya yi rawaya. Ya yi dariya ya ce wa Ishaya ashe a nono ya sha fitina. Da Ishaya ya fara bayanin abin da za a kora naman da shi, Alhaji ya ɗaga hannu.

"To, bon, tsaya nan. Abin da suke sha ban san shi ba, ban son in sani. Nama dai na sani, wannan ɗan rago ne, ko ruwan famfo aka sha da shi ba ya jin kunya."

Muka ɗauki haƙarƙari biyu masu farin kitse.

Ranar Laraba da safe Ishaya ya haɗa yajin a gabana. Ya daka ƙuli-ƙulin da na kawo, ya sa citta, kanumfari, masoro, 'yar kimba, gishiri, da garin tattasai mai yawa domin launi. Barkono kuwa rabin ƙaramin cokali ya sa. Ya gasa ɗan yanki, ya gwada da ruwan inabin har sau uku yana ƙara wannan yana rage wancan, sa'an nan ya zuba a kwalba ya rufe, ya tafi aiki.

Da azahar, ni kaɗai a gidan, na buɗe kwalbar na lasa. Ƙanshi yana nan, gishiri daidai, amma ba yaji ba ne, garin gyaɗa ne mai kwalliya. Na yi tunanin za a ajiye wannan a gaban baƙi a ce musu ga abincin Arewa, kuma ɗana ne ya yi. A shekarun da na yi ina koyarwa, idan na zagaya tukwanen ɗalibai na tarar da miya ba ta ji ba, ba na neman izini, gyarawa nake in wuce, yarinya ta gane daga baya. Na ɗauko barkonon da na kawo na ƙara cokali uku. Na tankaɗe sau biyu domin ya gauraya, launin kuwa bai canja ba saboda tattasan. Na rufe na mayar inda yake. Ban gaya masa ba, domin ban ɗauke shi abin faɗa ba.

Ranar Alhamis ƙarfe uku na rana, lokacin da gidan abincin ke rufe, aka yi gwajin. Madam Lorraine ta ce tun da uwarsa tana gari a zo da ita. Mace ce mai furfura, ba ta da yawan magana, ta kuwa burge ni domin ta duba cokulan tebur ɗaya bayan ɗaya kafin ta zauna. Tare da ita akwai wani siririn Bafaranshe mai kula da ruwan inabin gidan. Mutumin waje ya riga ya gabatar da nasa da safe, jelar sa, an ce ta yi kyau.

Ishaya ya gasa haƙarƙari ɗaya. Na hango shi ta tagar kicin ya yanki gefe ya ɗanɗana, ya gyaɗa kai. Yaji kuwa, kamar yadda kowa ya sani, sai an sauke nama ake barbaɗa shi, ya barbaɗa daga kwalbar da ya riga ya gwada jiya, ya kawo.

Madam Lorraine ta ci yanka guda, ta kurɓi ruwan inabin. Ta ajiye kofin a hankali, ta ɗauki ruwa. Bafaranshen ya tofar a wani kwanon ƙarfe irin na Ishaya, ya yi tari a cikin adiko, idonsa ya kawo ruwa. Da ya sami magana ya ce ruwan inabin ya mutu, babu abin da ya rage sai toka da ƙarfe. Ishaya ya ɗauki yanka ya ci. Ya dube ni sau ɗaya, bai daɗe ba, sa'an nan ya juya ya ce wa Madam kuskurensa ne, hannunsa ya yi nauyi.

Na ce wa Bafaranshen ya ba ni kofi. Ishaya ya ce da Hausa, "Mama, bar shi kawai." Na ce ba da shi nake ba. Na ci naman, a bakina daidai yake, har na ji daɗinsa. Na kurɓi ruwan inabin. Ban taɓa jin irin wannan ba. Wuta ta tashi daga maƙogwaro zuwa hanci, harshena ya tattare kamar na tauna ɗanyar bagaruwa, bayan haka ɗaci ya zauna ya ƙi tafiya. Ɗinyar da na shinshina a gida babu ko alamarta. Na jawo kwanon ƙarfen na tofar, a kan tebur, a gaban mutane.

Sa'an nan na miƙe tsaye, domin haka aka koya mana idan za a amsa laifi. Na gaya wa Madam Lorraine da Turancin da na koya tun ina 'yar shekara takwas cewa ɗana ya faɗi abin da ba gaskiya ba domin ya rufa mini asiri. Na ce yajin da ya haɗa ba wannan ba ne, ni na ƙara barkono bayan ya fita, bayan kuwa ya yi mini bayani sarai cewa ba a yin haka. Na ce idan akwai wanda ya faɗi gwaji yau, ni ce.

Ta dube ni. Sai ta tambayi Ishaya ko akwai sauran nama. Ya ce akwai haƙarƙari ɗaya, amma babu yaji, ƙuli-ƙulin kuma ya ƙare. Ta dubi agogo ta ce ma'aikatan yamma za su shigo ƙarfe huɗu da rabi, abin da ya iya kafin nan shi ne nasa.

A kicin ɗin akwai niƙaƙƙiyar gyaɗa irin wadda suke shafa wa burodi. Na ce masa zan iya fitar da manta. Na zuba ta a kwano, ina ɗiga ruwan zafi ina murzawa da muciya har man ya taso, tunkuzar ta haɗe, na matse ta a tsumma mai tsabta, na yi ta fale-fale na soya ta bushe. Shi kuma yana kan wuta da naman. Da muka zo haɗi ya ajiye kayan ƙanshin a gabana, na riƙe cokali na tsaya.

"Citta nawa?" na tambaye shi.

"Ɗaya da rabi."

"Barkono fa?"

"Rabin ƙarami, Mama. Ni zan sa."

Na miƙa masa cokalin.

Ƙarfe huɗu da kwata aka kai na biyu. Wannan karon Bafaranshen bai tofar ba. Ni ma na sake gwadawa domin in san bambancin. Kitsen ragon ya kwantar da baurin har ya zama kamar santsi, hayaƙin gashin ya haɗu da na gangar ba ka iya raba su, kanumfarin yajin ya sami ɗan'uwansa a kofin, ɗinyar kuma ta dawo ta daɗe a baki. Barkonon yana can baya, ɗumi kawai yake bayarwa. Dole in yarda abu ne da aka yi shi daidai. Madam Lorraine ta cinye yanka uku, ta ce za ta kira shi ranar Asabar.

A jirgin komawa gida muka wuce tasha huɗu. Can ya juyo.

"Mama, cokali nawa kika ƙara?"

"Uku."

"Da tozo ko shafaffu?"

"Ka taɓa ganin na auna cokali da tozo?"

Ya rufe fuska da hannu ya yi ta dariya har mutane suka fara kallonmu. Ni ban ga abin dariya ba, amma ban hana shi ba.

Ranar Asabar ta kira. Ta ce haƙarƙarinsa ya fi jelar sa dacewa da ruwan inabin, za a sa shi cikin jerin abincin gidan. Amma ta ce babban kuku ba ya barbaɗa abin da bai lasa ba a wannan rana, ko da uwarsa ce ta riƙe kwalbar, ko da shi kansa ne. Saboda haka ba za ta tabbatar masa da kujerar ba, za ta ba shi riƙo na wata uku, mutumin waje kuma ta ce masa ya saurare ta. Ta gaya masa a fili cewa da farantin farko ya zo daidai, da babu zancen riƙo. Hukuncin ya yi mini daidai, da ni ce ma abin da zan yanke ke nan.

Na ƙara mako biyu a can. Hannatu ta kai ni na ga dogayen gine-ginen da kuke ta tambaya, dogaye ne kamar yadda ake faɗa. Na dawo ta hanyar da na bi, direban Abuja ya zo a kan lokaci.

Yau da nake rubuta wannan saura mako biyar riƙon ya cika. Ishaya yana kirana kowace Lahadi bayan sujada. Ya ce ana sayen haƙarƙarin, kuma yanzu ya fara gwada jelar sa da 'yar daddawa, yana ganin za su shirya da ruwan inabin. Na san yadda ya kamata a sa daddawa a jelar sa, na kuma san lokacin da ake sa ta. Bai tambaye ni ba. Na tambaye shi ko yana samun barci, ya ce yana samu.